Hans Wilsdorf: Marayan da ya kafa daular Rolex, da tambayoyin da ya bari a baya

A daren 26 ga Oktoba, 2017, a birnin New York, gidan gwanjo na Phillips ya ɗaga wani agogon hannu na baƙin ƙarfe, wanda babu zinare ko lu'ulu'u a jikinsa. Minti 12 aka kwashe ana tayi. Da guduma ta sauka, wani mai saye da ya yi cinikin ta wayar tarho, wanda ba a bayyana sunansa ba, ya amince zai biya dala miliyan 17.75, haɗe da la'adar gidan gwanjon. Agogon ƙirar Rolex Daytona ne, mallakin tauraron finafinan Amurka Paul Newman. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da matarsa Joanne Woodward ta saya masa shi, kuɗin irinsa a kanti bai wuce dala ɗari biyu da 'yan kai ba.

Ƙarfen agogon bai sauya ba a cikin waɗannan shekaru hamsin. Abin da ya yi tsada shi ne sunan da ke rubuce a fuskarsa, da labarin wanda ya ɗaura shi. Wanda ya koya wa duniya sayen agogo ta wannan hanya kuwa wani Bajamushe ne mai suna Hans Wilsdorf, wanda bai yi karatun ƙera agogo ba, kuma ya rasu shekaru uku kafin a fito da Daytona kasuwa. Shi ya kafa Rolex, shi kuma ya tsara yadda kamfanin zai ci gaba da rayuwa bayansa ba tare da magada ba, ba tare da masu hannun jari ba, ba kuma tare da wajibcin nuna wa kowa littafin lissafinsa ba. A shekarar 2025, takardun hukumar leƙen asirin Birtaniya sun ƙara wani babi mai duhu a tarihinsa.

Maraici da makarantar kwana

An haifi Hans Wilsdorf ranar 22 ga Maris, 1881, a garin Kulmbach da ke yankin Bavariya na ƙasar Jamus. Shi ne na biyu a cikin 'ya'ya uku, kuma mahaifinsa yana da shagon kayan ƙarfe da ya gada. Yana da shekara 12 ya wayi gari ba uwa ba uba, domin iyayen sun rasu ɗaya bayan ɗaya a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Dangi suka sayar da shagon, suka juya kuɗin zuwa karatun yaran. Aka kai Hans makarantar kwana ta Ernestinum da ke Coburg, inda ya yi fice a lissafi da harsuna, musamman Turanci.

Turancin nan shi ya zama jarinsa na farko. Bayan ya taɓa aiki da wani kamfanin fataucin lu'ulu'un teku a Janiba, a 1900 ya samu aikin akawu a kamfanin Cuno Korten da ke La Chaux-de-Fonds, ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙera agogo na Suwizalan. Aikinsa rubuta wasiƙun kasuwanci da Turanci ne, a kan albashin faran 80 a wata. An kuma ɗora masa wana ɗaruruwan agogunan aljihu kowace rana, yana duba waɗanda ke gudu da waɗanda ke latti. A nan ya fahimci abubuwa biyu da suka bi shi har kabari: darajar agogo tana cikin daidaitonsa, ribarsa kuma tana hannun wanda ya san inda masu saye suke.

A 1903 ya ƙaura zuwa Landan, wadda a lokacin ita ce cibiyar kasuwancin daular da ta mamaye kusan rubu'in duniya. Shekaru biyu bayan haka, yana ɗan shekara 24, ya haɗa jari da surukinsa Alfred Davis suka kafa kamfanin Wilsdorf and Davis a unguwar Hatton Garden, mazaunin masu sana'ar zinare da duwatsu masu daraja.

Cacar agogon hannu

Kamfanin bai ƙera komai da kansa ba. Yana sayo injinan agogo daga masana'antar Hermann Aegler da ke Bienne a Suwizalan, ya sa su cikin gidajen da wasu suka ƙera, sannan ya sayar wa masu kantuna. Wannan dogaro da iyalan Aegler ya daɗe fiye da yadda mutane da yawa ke zato, domin sai a 2004 ne Rolex ya saye masana'antar ta Bienne baki ɗaya.

Abin da ya bambanta Wilsdorf da sauran dillalai shi ne cacar da ya yi a kan agogon hannu. A farkon ƙarni na 20, namijin da ya isa agogon aljihu yake riƙewa, mai sarƙa. Agogon hannu kayan adon mata ake ɗaukarsa, kuma masu sana'ar suna ganin ƙaramin inji ba zai taɓa riƙe lokaci daidai ba, balle ya jure ƙura da gumi da girgizar hannu. Wilsdorf ya sayi injinan Aegler masu yawan gaske, ya kuma tashi neman hujjar da zai toshe bakin masu shakka. A 1910 wani agogonsa ya samu takardar shaidar daidaito daga ofishin gwaji na Bienne, na farko da aka bai wa agogon hannu. A 1914 cibiyar Kew ta Ingila ta ba wani agogon nasa shaidar daraja ta ɗaya, wadda a da agogunan jiragen ruwa aka sani da ita. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa masa aikin, domin sojan da ke kwance cikin rami riƙe da bindiga ba shi da hannun laluben aljihu.

Tun 1908 ya yi rajistar sunan Rolex. Kalmar ba ta da ma'ana a kowane harshe. Ya so suna gajere, mai sauƙin faɗi a bakin kowane Bature, wanda zai zauna daram a fuskar ƙaramin agogo, kuma daga baya ya ce sunan ya faɗo masa ne yana zaune a saman motar haya da dawakai ke ja a Landan. Sai dai al'adar wancan zamani ita ce mai kanti ya rubuta nasa sunan a fuskar agogo. Wilsdorf ya bi ta sannu: a cikin kwalin agoguna shida sai ya sa Rolex a jikin ɗaya, daga baya biyu, sannan uku. Kusan shekaru ashirin ya ɗauka kafin sunan ya hau kowane agogo da ya fita daga hannunsa. Wannan nasara ce ta ƙwace ikon kasuwa daga mai kanti ta miƙa wa mai suna, kuma har yau a kanta cinikin agogunan alfarma ke tafiya.

Haraji da ƙaura

Wilsdorf ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya kuma auri 'yar Ingila, Florence Crotty, a 1911. Amma da yaƙi ya ɓarke da Jamus a 1914, sunan Bajamushe a kan allon kanti ya zama abin ɗari-ɗari a Landan. A 1915 aka sauya sunan kamfanin zuwa Rolex Watch Company. A shekarar ce kuma gwamnatin Birtaniya, don neman kuɗin yaƙi, ta ɗora harajin kashi 33 da ɗigo 3 cikin ɗari a kan kayan alatu da ake shigowa da su, har da agoguna. Ga kamfanin da ke shigo da injina daga Suwizalan ya sake fitar da su zuwa ƙasashen daular, wannan haraji shaƙa ce. A 1919 Wilsdorf ya tattara ya koma Janiba, inda aka yi wa Montres Rolex rajista a 1920. Kamfanin da duniya ke kallo a matsayin tutar Suwizalan, Bajamushe ne ya kafa shi a Landan, kuma haraji ne ya kora shi zuwa inda yake a yau.

Sakatariyar da ta shiga teku

Babban ciwon agogon hannu shi ne ruwa da ƙura, waɗanda ke kutsawa ta wurin maɓallin wanawa. A 1925 wasu 'yan Suwizalan biyu, Paul Perregaux da Georges Peret, suka yi rajistar fasahar maɓallin da ake murzawa ya ɗaure kamar noti. Wilsdorf ya sayi haƙƙin fasahar, aka gyara ta, kuma a 1926 ya fito da agogon da ya kira Oyster, wato kawar teku mai rufe bakinta gam.

Saura yadda zai sa jama'a su yarda. Ranar 7 ga Oktoba, 1927, wata sakatariya mai buga tafireta a Landan, Mercedes Gleitze, ta zama 'yar Birtaniya ta farko da ta ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da iyo, a yunƙurinta na takwas. Kwanaki kaɗan bayan haka wata mata ta yi iƙirarin ta fi ta sauri, sannan ta amsa cewa ƙarya ta yi. Shakku ya shafi Gleitze ita ma, sai ta yi alkawarin maimaitawa ranar 21 ga Oktoba. Wilsdorf ya ba ta Oyster ta rataya a wuya. Ruwan ya yi sanyi ƙwarai, kuma bayan sa'o'i goma da 'yan mintuna aka tsamo ta ba ta kai gaɓa ba. Agogon dai yana aiki.

Ranar 24 ga Nuwamba, Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail gaba ɗaya, ya cika shi da tallar agogon da ya yi sa'o'i goma a teku. Masu kantuna suka riƙa ajiye Oyster cikin tankin kifi a tagoginsu. Iyon da bai kai gaɓa ba ya zama ginshiƙin sunan kamfani, kuma daga nan salon ya kafu: a nemi mutumin da duniya ke kallo, a ɗaura masa agogo, a sayar da labarin. An yi haka da Malcolm Campbell, direban da ya haura mil 300 a sa'a ɗaya a 1935. An ba Winston Churchill agogon zinare, an ba Janar Dwight Eisenhower nasa a 1951, kafin ya zama shugaban Amurka.

Tallar takan zarce gaskiya. A 1931 Rolex ya fito da inji mai wana kansa da motsin hannu, ya kuma riƙa nuna kamar shi ya fara. Alhali wani Baturen Ingila, John Harwood, ya riga shi tun shekarun 1920, kuma a 1956 kamfanin ya buga neman afuwarsa a jarida. Haka nan a hawan tsaunin Everest na 1953, Rolex ya bai wa tawagar agoguna ya kuma ci moriyar nasarar a talla, amma Edmund Hillary ya bayyana cewa agogon kamfanin Smiths na Ingila ya kai ƙololuwar tsaunin.

Fursunonin yaƙi da takardun sirri

Labarin da Rolex ya fi tinƙaho da shi game da mai kamfanin ya fito ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Birtaniya da Jamusawa suka kama sukan rasa agogunansu a hannun masu tsaronsu. Wilsdorf ya sanar da su cewa duk mai so ya aiko da wasiƙa, za a kai masa agogo har sansani, ya biya bayan yaƙi. Cikin waɗanda suka amsa akwai Kofur Clive Nutting, mai gyaran takalma a sansanin Stalag Luft III, inda fursunoni 76 suka tsere ta ramin ƙarƙashin ƙasa a Maris na 1944, aka sake kama 73, aka harbe 50. Bayan yaƙi, takardar kuɗin da aka aika wa Nutting ta nuna fam 15 da sule 12 da sisi. Shekara da shekaru ana kafa hujja da wannan karamci a matsayin shaidar cewa Wilsdorf ya yi imani da nasarar ƙawance a kan Hitler.

A watan Agusta na 2025, jaridar Telegraph ta Landan ta buga rahoto a kan wasu takardu na shekarun 1941 zuwa 1943 da ke ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Birtaniya. Takardun sun nuna cewa hukumar MI5 ta sa wa Wilsdorf ido, tana zarginsa da leƙen asiri. Ƙaramin jakadan Birtaniya a Janiba ya rubuta cewa an san shi da tsananin ƙaunar 'yan Nazi, kuma an ce ɗan'uwansa Karl yana aiki a ma'aikatar farfaganda ta Joseph Goebbels. Jami'an sun yi shakkar niyyarsa a kan taimakon fursunoni. An kuma tattauna sanya kamfaninsa a baƙin littafi, amma aka fasa, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai yawan cinikinsa da ƙasashen daular Birtaniya.

Zargi ne na jami'an leƙen asiri a lokacin yaƙi, kuma ba a taɓa gurfanar da Wilsdorf a gaban kotu a kansa ba. Rolex ya ce yana sane da takardun, ya kuma ɗora wa wasu masana tarihi masu zaman kansu, ƙarƙashin jagorancin Marc Perrenoud, masanin tarihin Suwizalan a zamanin yaƙin, aikin bincike, tare da alkawarin wallafa sakamakon. Abin lura shi ne labarin da ya fi daɗi shi ya fi kawo kuɗi. A Yuni na 2022, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da Rolex ɗin wani fursunan Stalag Luft III, Gerald Imeson, a kan dala 189,000.

Kamfanin da ba shi da magaji

Florence ta rasu a 1944, kuma ba su haihu ba. A 1945 Wilsdorf ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa, ya tsara cewa dukkan hannun jarinsa zai koma gare ta. Ya sake aure, ya kuma ci gaba da jan ragamar kamfanin a shekarun da aka fito da samfuran da har yau su ne ƙashin bayansa: Datejust a 1945, Submariner na masu nutso a 1953, GMT-Master da aka yi wa matuƙan jiragen Pan Am a tsakiyar shekarun 1950, da Day-Date a 1956. A 1946 ya kafa kamfanin Tudor don masu ƙaramin ƙarfi. Ranar 23 ga Janairu, 1960, jirgin nutso na Trieste ya sauka kusan mita 11,000 a ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, da wani agogon gwaji na Rolex maƙale a bayansa. Wata biyar da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 6 ga Yuli, 1960, Wilsdorf ya rasu a Janiba yana da shekara 79.

Tsarin gidauniyar shi ne ƙirƙirarsa mafi tasiri. Ba za a iya sayen Rolex a kasuwar hannun jari ba, babu magadan da za su yi rigimar rabo, babu kuma masu jarin da za su matsa a ƙara yawan kaya don ribar wata uku. Kamfanin ba ya wallafa lissafinsa. Alƙaluman da duniya ke amfani da su ƙiyasi ne, kamar na bankin Morgan Stanley, wanda ya nuna cewa a 2023 cinikin Rolex ya haura faran biliyan 10, daga agoguna kimanin miliyan 1.2, wato kusan kashi 30 cikin ɗari na kasuwar agogunan Suwizalan.

Gidauniyar tana zuba kuɗi masu yawa a jihar Janiba, a fannin ilimi da al'adu da tallafa wa marasa ƙarfi. Ita ta gina gadar Hans Wilsdorf a kan kogin Arve, wadda aka buɗe a 2012. Ta ceto ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Servette daga durƙushewa a 2015, tana kuma cikin waɗanda suka ba da kuɗin kafa gidauniyar Aventinus, wadda ta sayi jaridar Le Temps. Alherin a bayyane yake. Haka ma tambayar da ke biye da shi: wa ke sa ido a kan hukumar da ba wanda ya zaɓe ta, wadda hannunta ya kai ga gada da filin wasa da ɗakin labarai a birni guda?

Yadda tsohon agogo ya zama kadara

Wilsdorf agogon aiki ya sayar, na mai nutso da matuƙin jirgi da injiniya. Sauyin ya zo ne bayan rasuwarsa. A Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon batir, wanda ya fi kowane agogon wanawa daidaito, kuma cikin 'yan shekaru farashinsa ya faɗi ƙasa warwas. Ma'aikatan masana'antar agogo ta Suwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Da daidaito ya daina zama abin sayarwa, André Heiniger, wanda ya ja ragamar Rolex har zuwa 1992, ya karkata kamfanin zuwa sayar da matsayi. Harsashin da Wilsdorf ya ɗora na suna da labari shi ya ɗauki wannan nauyi.

A daidai lokacin ne kasuwar gwanjo ta tashi. A 1974 Osvaldo Patrizzi ya kafa gidan gwanjon da aka sani da Antiquorum a Janiba, ya kuma ɓullo da gwanjon da ake keɓe wa kamfani guda, kamar na Patek Philippe a 1989. Farashi a wannan kasuwa yana tsayawa a kan abubuwa huɗu: ƙarancin samfurin, lafiyarsa, kasancewar kayan cikinsa na asali, da kuma wanda ya taɓa mallakarsa. Misali mafi bayyana shi ne agogon Bao Dai, sarkin Biyetnam na ƙarshe. A 1954, ana tsakiyar taron Janiba da ya raba ƙasarsa gida biyu, ya shiga wani kanti ya sayi Rolex na zinare mai baƙar fuska da lu'ulu'u. Shekara guda bayan haka aka tuɓe shi. A 2002 an sayar da agogon a kan faran 370,000, a 2017 kuma ya haura faran miliyan 5. Agogon da Gleitze ta rataya a wuya, wanda aka saya kimanin fam 17,000 a shekarar 2000, ya haura faran miliyan ɗaya a gwanjon Sotheby's na Nuwamba, 2025.

Kowane irin wannan ciniki talla ce ta kyauta ga sabon kaya, domin yana gaya wa mai saye cewa kuɗinsa ba zai narke ba. Shi ya sa kamfanonin ba 'yan kallo ba ne a zauren gwanjo. A 2007 jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo yadda wasu manyan kamfanonin agogo ke shiga tayi a kan kayansu ba tare da bayyana kansu ba. A wani gwanjo na wannan shekarar, wani agogon Omega ya kai dala 351,000, kuma mai sayen Omega ne da kansa. A 2021 kamfanin ya sake sayen wani tsohon Speedmaster a kan sama da faran miliyan 3, sannan a 2023 ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗen sassa ne, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a cikin lamarin. A saman jerin farashi dai Patek Philippe ne ke zaune, da agogon Grandmaster Chime da aka sayar faran miliyan 31 a gwanjon agaji na 2019.

Rolex ya ƙara damƙe kasuwarsa ta wata hanyar. A ƙarshen 2022 ya fara ba da shaidar inganci ga tsofaffin agogunansa da dillalansa ke sayarwa, a 2023 kuma ya sanar da sayen Bucherer, ɗaya daga cikin manyan kantunan agogo na duniya. A Disamba na 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci reshensa na ƙasar tarar yuro miliyan 91.6, saboda hana dillalansa sayar da kaya ta intanet sama da shekaru goma.

Agogo a hannun masu mulki

Kadarar da ke shiga aljihu, take tsallake iyaka a ɗaure a hannu, kuma ake iya mayar da ita tsabar kuɗi a kowane babban birni, dole ta ja hankalin masu abin ɓoyewa. A Maris na 2024 'yan sandan ƙasar Peru sun fasa ƙofar gidan shugabar ƙasa Dina Boluarte suna neman agogunan Rolex da ba ta bayyana cikin kadarorinta ba. A Brazil, 'yan sandan tarayya sun zargi tsohon shugaban ƙasa Jair Bolsonaro da karkatar da kyaututtukan da ƙasashen waje suka bayar, bayan dogarinsa ya sayar da Rolex da Patek Philippe a Amurka a kan dala 68,000 a 2022. Ya musanta aikata laifi. A Najeriya, a 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ba da umarnin miƙa wa gwamnati kayan ado na kimanin dala miliyan 40 da hukumar EFCC ta danganta da tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke, kuma a cikin jerin akwai agogunan hannu 189.

Al'adar kai wa shugabanni kyauta ma ba ta mutu ba. A Agusta na 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 39 cikin ɗari a kan kayan Suwizalan. A farkon Nuwamba wata tawagar attajiran ƙasar, ciki har da shugaban Rolex Jean-Frédéric Dufour, ta ziyarci Donald Trump a Fadar White House, ta kai masa agogon tebur na Rolex da sandar zinare. Kafin tsakiyar watan aka sanar da yarjejeniyar rage harajin zuwa kashi 15, kuma wasu 'yan majalisar Suwizalan sun nemi a binciki kyaututtukan.

Wilsdorf yana kwance a maƙabartar Rois da ke tsakiyar Janiba, wadda aka keɓe wa manyan mutanen birnin. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da rayuwarsa ya fito ne daga bakinsa, ko daga kamfanin da ke da riba a cikin kyawun labarin. Binciken da aka ɗora wa Perrenoud da abokan aikinsa zai auna wannan labari da takardun da wasu suka rubuta a kansa. Kamfanin da ya shekara fiye da ɗari yana neman takardar shaida daga masu gwaji na waje don agogunansa, yanzu tarihin wanda ya kafa shi ne ke kan teburin gwaji, kuma ƙimar sakamakon za ta dogara ga ko za a wallafa shi gaba ɗaya.